Kanwar da Na Zuba a Tulun Baba

Kun daɗe kuna yi mini dariya a kan tana. Duk wanda ya zo hutu a cikinku sai ya iske ni tsugune gaban tukwanen shukata da ƙoƙo a hannu, ina tsince jar tsutsar nan ta ƙasa ɗaya bayan ɗaya, in kai gindin dogon yaro in rufe da ɗanyar ƙasa. Balki ta ce tsufa ne ya fara taɓa ni. Abdu kuwa, da yake shi ne malamin gidan, ya taɓa jan hannuna gefe ya tambaye ni cikin ladabi ko wani abu ne na annanci, wato tsafin kakanni, da na gado, don in haka ne gara in tuba tun da sauran numfashi. Na yi dariya na ba shi goro. Da a ce dariyar ce kaɗai, da na bar ku da ita har in koma ga Allah, ba ta rage ni da komai ba. Amma ranar sadakar bakwai ta mahaifinku, ina bayan zana ina rabon fura, na ji Abdu da kunnena yana ce wa wani ɗan'uwanmu na Galma, Allah dai ya yafe wa Babanmu abin da ya yi wa Kaka. Ludayi ya suɓuce daga hannuna. Ashe maganar da na yi shekara talatin da wani abu ina zaton ta tsaya a Galma ta shigo har ɗakina, ta zauna a zukatan 'ya'yan da na haifa masa. Shi ya sa na nemi wannan littafin rubutu, na zauna da ɗan bokon da na koya a ajin manya. Ku yi haƙuri da hannuna, ku karanta har ƙarshe.

Sai kun san Kaka kafin ku gane sauran, don waɗanda suka riske shi a cikinku a tsoho mai sanda suka san shi. Shi Kakan naku, mahaifina, manomin garka ne a Galma, mai albasa da tattasai da 'yar taba a gefe. Ban taɓa ganin mutumin da ya san ƙasa kamarsa ba. Idan aka kira shi ya duba filin da wani yake son ya nome, ba ya tambayar kowa komai. Zai tsuguna ya ɗebi ƙasar ya murza, ya shinshina, sannan ya ɗan taɓa a harshe. Daga nan sai ya zagaya yana neman kashin tana, 'yan dunƙule-dunƙulen nan da ake gani da safe a wuri mai laima. In ya gani sai ya ce filin da rai. In bai gani ba sai ya karkaɗe hannu ya ce a bar wa awaki. Muna yara, idan hauya ta tono masa guda, ba ya bari kaji su kusato, da yatsa yake mayar da ita ya rufe.

"Ma'aikatana na," haka yake ce mana. "Su ka noma mani daga ƙasa, ni ina yi daga bisa."

Kakanninmu anna ne, ba zan ɓoye muku ba, masu tsafin ƙasa da ake zuwa wurinsu kafin shuka. Kakana ne ya karɓi salla, Baba kuma ya tashi a cikinta, ban taɓa ganin lokaci ya wuce shi ba. Tsafi ya tafi, amma wasu dokoki sun yi zamansu a gidan, babbar cikinsu kuwa ita ce ta gishiri da kanwa. A wurinmu ba a kai su gona. Wanda ya zuba gishiri ko kanwa a ƙasar wani, ya ce masa ke nan na yanke ka, kada kai ko zuriyarka ku ƙara cin amfanin wurin nan. Ba a kai irin wannan ƙara gaban maigari, ba a kuma zaman sulhu, mutane kawai suna daina amsa gaisuwarka. Ina 'yar shekara bakwai na taɓa yar da gutsuren kanwar awaki a bakin fangalin albasa. Baba bai buge ni ba. Ya sa hannu biyu ya kwashe ƙasar wurin, ya fita da ita bayan shinge ya watsar a hanya, ya dawo ya yi mini kallon da har yau in na rufe ido ina ganinsa. Ku riƙe wannan, don kada wani ya yi mini uzurin cewa ban sani ba.

A shekarar da nake son ba ku labari, Abdu ya shiga lakwal, wato makarantar boko, Balki kuma shekararta huɗu, sauranku ba a haife ku ba. Mahaifinku shi ne babban ma'aikacin jinya a wani ɗan gidan likita a Madawa, kowa Majo yake kiransa. Muna zaune a gidan ma'aikata bayan wurin aikin nasa, ɗaki biyu da baranda, ƙasa duk siminti. Inna ta riga ta rasu da shekara biyu. A tsakiyar damina aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a kan duwatsu, ƙorama ta bar hanyarta, ta kwaso yashi da tsakuwa ta shimfiɗa a kan garkar Baba. Rijiya ta cike. Itacen lemun tsamin da Inna ta dasa da hannunta a bakin rijiyar ya karye ya bi ruwa. Wanda ya je ya gani ya ce ko inda shinge yake ba ka iya nunawa. Ga shi ƙafafun Baba sun fara kumbura, babu ƙarfin sake haƙa.

Ga abu na farko da ba a taɓa faɗa muku ba: mahaifinku ne ya ce a ɗauko shi. Ni ko tambaya ban iya yi ba, don ba al'adarmu ba ce uba ya zauna a gidan suruki. Shi ya tashi ya tafi Galma, ya sami ƙanen Baba, wato Baba Tanko, ya yi yini guda yana lallashinsa, yana cewa kumburin nan yana son magani da sa ido kullum. Suka iso da la'asar a bayan kamiyo, babbar motar ɗaukar albasa. Kayan Baba duka buzun salla ne da buta da hauyarsa, sai wani tsohon tulu mai fasasshen baki da ya rungume a cinya tun daga Galma, bai yarda kowa ya karɓa ba ko wajen sauka. A cikin tulun akwai baƙar ƙasa da ɗan dashen lemun tsami wanda tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba. Ashe kafin ya taso sai da ya sa aka tone masa yashi har zurfin ƙugu a inda yake zaton bakin rijiya ne, aka kai ga ainihin ƙasarsa, ya cika tulun. Dashen kuma daga ƙwallon itacen Inna ya fito, a bayan ɗakinsa ya tsiro tun bara.

"Auta," ya ce da ni, don haka yake kirana, "ga garkata. Nuna mani inda rana ka hitowa."

Muka ajiye tulun a kusurwar baranda ta gabas. Watannin da suka biyo baya, in aka ce in zaɓi lokacin da ya fi mini daɗi a duniya, su zan zaɓa. Da safe in ina hura wuta sai in ji Baba yana ɗiban ruwa da gwangwani, yana zuba wa dashen kaɗan-kaɗan yana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Yakan murmushe busasshen kashin awaki da ganyen da ya faɗo ya barbaɗa a saman ƙasar, har ganyen shayin da aka gama sha ba ya bari in zubar. Mahaifinku da farko daga nesa yake tuɓe takalmi ya tsuguna ya gaishe shi ya wuce, saboda kunyar surukuta. Ba a yi wata ba sai ga su a tabarma ɗaya suna shan shayi. Shi ɗan 'yan kasuwa ne na Tamaske, bai taɓa riƙe hauya da gaske ba, sai ya riƙa jero tambayoyi kamar ɗan lakwal, Baba yana amsawa yana jin daɗi.

"Likita, kai ka san cikin mutum, ni na san cikin ƙasa," in ji Baba. "In mun gama kai, ba mai ɓoye muna komi garin ga."

Abin da ya dame ni ɗaya ne. Ƙasar ta zo da tanarta, ta kuma sami ci da sha, sai ta yi ta haihuwa. Tulun yana da tsaga a gindi, in an yi ban ruwa sai ka ga ɗaya ko biyu sun sulalo suna jan ciki a kan siminti. Na taka ɗaya da ƙafa ba takalmi, na yi tsalle har na zubar da koko. Na yi wa Baba ƙorafi, sai ya yi dariya.

"Sun yi yawa na, gidan ya yi musu kaɗan. Ba a hwaɗa da su, Auta, rarrashinsu a kai. Kawo mani daro."

A ranar na fara ganin aikin da kuke yi mini dariya a kansa. Ya sa tulun a cikin babban daro, ya zuba ruwa a daron har ya kai wuyan tulun, ya koma ya zauna yana jan carbi. Kafin a dafa shayi a sauke, ruwa ya ratsa ƙasar ta tsagar nan, sai ga su suna leƙowa sama ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Ya riƙa tsince su da yatsu biyu yana sawa a ƙoƙo mai ɗanyar ƙasa. Ya bar uku ko huɗu a tulun, sauran ya kai gindin dogon yaron tsakar gida ya rufe. Sannan ya ɗora tulun a kan duwatsu uku ya tsane, ya yi kwana biyu bai ba shi ruwa ba. Duk bayan 'yan makonni haka yake yi, Balki ce mai riƙe masa ƙoƙo, tana ƙirgawa tana ɓata lissafi.

Maƙwabciyarmu matar wani malamin lakwal ce, Madam muke ce mata. Ta zauna a Yamai, ta iya ɗaurin kallabi, barandarta cike da furanni a gwangwanayen madara da ta shafa wa fenti. Ita ƙasar shukarta sai ta soya ta a kasko har ta yi hayaƙi kafin ta dasa komai, don kada wani abu mai rai ya saura a ciki. Duk lokacin da ta shigo ta ga tulun Baba sai ta ɗan yamutsa fuska. Zan faɗa muku gaskiya, ni ma a lokacin kunyar tulun nake ji. Ni 'yar ƙauye ce da ta tsinci kanta a cikin matan ma'aikata, ina son a ce gidan Majo tsaf yake, ga kuma tsoho yana kiwon tsutsa a ƙofar ɗaki.

Bayan girbi aka tura mahaifinku yawon allurar rigakafi a ƙauyukan Buza, kwana goma. Yana tafiya Balki ta fara ciwon ciki, ta daina cin abinci, cikin ya yi tulu-tulu. Wata safiya ta yi bayan gida sai ga tsutsa doguwa, fara-fara, tana motsi. In ban da launi, ba ta da maraba da waɗanda take riƙe wa Kaka a ƙoƙo. Na ɗauke ta a sakaina na ruga wurin Madam.

"Ba na hwaɗa miki ba?" ta ce. "Tsoho shina kiwon su bakin ƙohwa, yarinya na wasa da su tana sa hannu baki. Ƙwansu na ta haɗiye. In ba ki kashe su ba, su kashe miki ɗiya."

"Madam, ƙasab Baba ta," na ce.

"Ƙasa ta hi ɗiya? Jiƙa kanwa da gishiri ki zuba, duk su hito su mutu. Iccen ba abin da ka samu nai."

Ba na ɗora wa Madam laifi, Allah ya ji ƙanta. Ita ba ta san dokar gidanmu ba, kuma don Balki ta faɗa. Ni ce na sani. Kwana biyu ina juya maganar, ina ce wa kaina ai tulu ba gona ba ne, tulu kayan ɗaki ne. Gidan likita taku kaɗan ne daga ƙofarmu, akwai wanda mahaifinku ya bari a madadinsa, amma na ji kunyar a ce 'yar Majo ce da tsutsar ciki. Da na roƙi Baba ya kwashe su duka ya kai gindin dogon yaro, da ya yi, amma na kasa duban idonsa in ce ma'aikatansa ne suke cin jikarsa. Tsoro da girman kai suka haɗu suka zaɓa mini hanyar da ba sai na yi wa kowa magana ba.

Ranar Juma'a Baba ya ɗauki sanda ya kama hanyar masallaci tun da wuri, saboda tafiyarsa a hankali ce. Yana fita na daka kanwa cike da tafi biyu, na haɗa da gishiri, na jiƙa a ƙwarya, na tuttula a cikin tulun. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba, kuma ba na fatan in sake gani. Waɗanda suke leƙo wa Baba a hankali, yanzu wurgo kansu suke yi waje, suna nannaɗewa suna birgima a kan siminti. Kaji suka rugo suka far musu. Na ɗauko tsintsiya ina sharewa da sauri, sai na ji ƙarar sanda a ƙofar gida. Ƙafafun ne suka ƙi kai shi, ya juyo daga rabin hanya.

Ya tsaya ya duba. Sai ya saki sandar, ya cire hula ya kori kajin da ita, ya durƙusa a kan kumburarrun gwiwoyin nan, ya shiga tsince waɗanda suke da sauran motsi, yana ɗauraye su da ruwan butarsa. Da ya gama ya sa yatsa a ƙasar tulun ya kai harshe.

"Kanwa," ya ce. "Da gishiri."

Bai tambayi wanda ya zuba ba. Ina tsaye da tsintsiya a hannu, bai ko dube ni ba. Ya miƙe da ƙyar ya zagaya bayan madafa da abin da ke tafinsa, na ɗauka zubarwa ya je yi. Da ya dawo ya yi ta kwara wa tulun ruwa, buta bayan buta, don ya wanke ƙasar, har sai da hannunsa ya gaji. Bai yi amfani ba. Kwana uku ganyen lemun ya nannaɗe ya fara zuba, saman ƙasar ya yi fari fat. Baba bai daina cin abincina ba, bai daina amsa gaisuwata ba. Auta ce kawai ya daina cewa, ya koma kirana Rakiya kamar kowa.

Da mahaifinku ya dawo na tare shi a madafa na faɗa masa komai. Ya zauna a kan turmi ya saurare ni har na gama.

"Innar Abdu, tana ba ta zama cikin mutum," ya ce. "Wanga macijin ciki na, daga hannu mai dauɗa da ruwan sha shika zuwa. Kullum ina ba yara maganinai, yaran da ba su taɓa ganin tulun Baba ba."

Ya ba Balki ƙwayar magani, kwana biyu ta tashi tana guje-guje. Ya ce in bari hankali ya kwanta mu je gaban Baba tare in nemi gafara. Ba mu sami wannan lokacin ba. Ranar kasuwa ta zagayo, sai ga Baba Tanko a kan amalanken jaki ya kawo wa yayansa buhun gero. Mutum ne mai zafin zuciya, mai riƙon dokar gida fiye da Baba. Bai gama gaisuwa ba idonsa ya sauka a kan tulun. Ya matsa ya kankare farin nan da farce, ya ɗanɗana, ya tofar.

"Wa yay yi wanga aiki?"

Ya juyo ya kafa mini ido, don ya san a hannun wa kanwa take zama a gida. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, amma babu abin da ya fito. Sai na ji muryar mahaifinku a bayana.

"Ni na zuba, Baba. Nan gidan likita na, ba a kiwon tsutsa cikinai. Ban san dokakku ba."

"Ɗan Tamaske bai san kanwa ba?" in ji Baba Tanko. Ya juya wurin yayansa. "Yaya, ka jiya da kunnenka. Tashi mu tahi."

Baba ya ɗaga kai ya dubi mahaifinku, ya daɗe yana dubansa. Ya san sarai ranar da aka zuba kanwar mutumin nan yana can ƙasar Buza. Na jira ya faɗa. Sai kawai ya ce a ɗauko masa buzunsa. Ya ɗauki buta da hauya, ya bar tulun a inda yake. Mahaifinku ya ƙunso maganin ƙafa a takarda ya miƙa, Baba Tanko ya kau da kai, Baba ne ya karɓa ya sa a aljihu. Aka ɗora shi a kan amalanke. Balki ta bi su har bakin hanya da ƙoƙo a hannu tana kiran Kaka ya manta abinsa. Da suka ɓace na juyo na tambayi mahaifinku don me ya yi haka.

"Ni in Galma ta yanke ni, ina da Tamaske," ya ce. "Ke in ta yanke ki, ina za ki?"

Ya sa rigar aikinsa ya koma wurin marasa lafiya.

Sai da sanyi ya shiga na iya zuwa Galma. Mata suka tare ni da tausayi, suna cewa sannu da haƙurin zama da irin wannan miji, ni kuwa na sunkuyar da kai na karɓa. Na iske Baba kwance a ƙarƙashin rumfa a gidan Baba Tanko, ƙafafun sun ƙara nauyi. Da hantsi, da kowa ya tafi garka, na durƙusa a gabansa na fara magana, sai ya ɗaga hannu.

"Na sani tun ran nan. Hannun likita ba shi zuwa ga kanwa."

"To Baba, don mi kat taho?"

"In na zamna, Tanko shi gane ƙarya ta. Wanda surukinai ya zuba ma kanwa ba shi ƙara kwana gidanai. Mijinki ya ɗauki kaya, ni kau na kama mashi. Ke dai kak ki sauke mashi su gaban mutane, ki maishe shi maƙaryaci."

Na yi kuka har na gode Allah. Ya bar ni na yi, yana kallon rumfa. Da na tsagaita sai ya ce,

"Auta, kin taɓa ɗaga randakki ta bayan madahwa?"

Na ce a'a.

"Biyat sunka rayu. Can na aje su, wurin da laima. Ki riƙa ba su ganye."

Ranar da na koma Madawa ko mayafi ban cire ba na zagaya bayan madafa na kwantar da randar. A cikin zagayen laimar da gindinta ya bari, ga kashin tana nan dunƙule-dunƙule, sabo. Na zauna a ƙasa a wurin har Abdu ya dawo daga lakwal ya same ni.

Baba bai ga damina ba. Mahaifinku ya je jana'iza ya tsaya a sahun ƙarshe, babu wanda ya matsa masa, babu wanda ya ba shi hannu. Haka ya yi ta zuwa Galma duk tsawon shekarun nan, suna ko rasuwa, ya zauna a bakin tabarma, a kawo ruwa a tsallake shi. In mun dawo na tambaye shi, sai ya ce hanyar ce dai ba kyau. Bayan rasuwar Baba Tanko na ce masa to yanzu fa, bari in faɗa. Ya ce a bar kwantacciyar magana ta kwanta. Na yarda da sauri, kuma wannan saurin shi ne laifina na biyu, don daɗi nake ji in shiga Galma a tare ni da ruwan sanyi. Na bar ku kuka tashi kuna jin ana cewa ubanku ya kori tsoho saboda tsabta, ina ganin kuna ɗan janye jiki daga gare shi in an ambaci Kaka, na yi kamar ban gani ba.

Da mahaifinku ya yi ritaya muka bar gidan ma'aikata, kun tuna na hana a ɗora kaya sai da na kwashe ƙasar gindin randa a buhu, kuna ta mita. Ita ce a tukwanen nan. Tulun ma shi ne wancan na kusurwa, sai da na bar shi a ruwan sama damina guda kafin ya yarda ya riƙe shuka. Lemun da ke ciki daga ƙwallon na kasuwa ne, na Inna ya tafi ke nan, ni na kashe shi. Ban iya rantsewa cewa waɗanda nake tsincewa yau jikokin biyar ɗin nan ba ne, amma haka na ɗauke su, kuma haka zan ci gaba da ɗaukarsu.

Baba ya ce kada in sauke wa mahaifinku kayan a gaban mutane. Na riƙe wannan muddin yana da rai, har na wuce inda ya kamata. Yanzu ya sauke da kansa, sunansa ne ya rage, shi kuma a hannunku yake. Abdu, kai ne babba, kai ne kuma na ji da kunnena. Ka ɗauki littafin nan ka je Galma, ka zauna a ƙofar gidan 'ya'yan Baba Tanko bayan sallar la'asar lokacin da mutane suka taru, ka karanta musu da ƙarfi, kada ka tsallake inda sunana yake. In sun daina amsa gaisuwata, sun yi daidai, na ci ta shekara talatin da ba tawa ba. In kuma za ka sake roƙa wa wani gafara a kan abin da aka yi wa Kaka, ka san sunan da za ka kira. Mahaifinku shi ya je ya ɗauko shi. Ni na zuba kanwar.